Fiye da shekara guda ina yi wa annabin ƙarya tafinta

Ni haifaffen Wusasa ne, ɗan fari a ɗakinmu. Mun tashi muna sujada a tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa da aka yi a 1929. Littafi Mai Tsarki na farko da na fara gani a duniya na Innarmu ne, tsohuwar fassarar 1932 wadda Likita Miller ya yi wa aiki, bangon ya mutu har ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Na faɗi wannan don kada wani ya ce jahilci ne ya kai ni. Na yi makarantar Lahadi, na haddace ayoyi, na yi kwalejin horon malamai, ina koyar da Turanci a firamare. Da littafin a hammatata na faɗa hannun annabin ƙarya, na kuma yi masa aiki.

Ciwon 'yata ne ya kai ni. Ni da maiɗakina duk AS ne, ba mu yi gwaji kafin aure ba. Likita a asibitin koyarwa na Shika ya zana mana a takarda: kowane ciki da aka ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu ne yaron ya fito SS, kuma kowane ciki da nasa rabon. 'Yarmu ta biyu ta fito da sikila. Ya bayyana mana cewa ƙwayoyin jininta kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ƙashi yake sara, kuma ba sa daɗewa kamar na sauran mutane, shi ya sa jininta ke yawan yin ƙasa. Ya lissafa abin da ke tayar da ciwon: ƙishirwa, sanyi, zazzaɓi, gajiya. Ya ce folik asid kullum, Paludrine kullum saboda zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, da ruwa mai yawa ko ba ta jin ƙishi. Duk na sani. Na ma rubuta a bayan kalandar ɗakinmu.

Amma sani daban, kwana a zaune kana matsa wa yarinya ƙafa tana cewa "Baba, ƙashina" daban. A daminar 2016, tana da shekara bakwai, sau uku muna kwanciya asibiti. Shekarar ce kaya suka yi tashin gwauron zabo, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Wata maƙwabciya ta ja maiɗakina zuwa wani wurin addu'a, shago biyu da aka fasa bangon tsakiya aka haɗe. Bayan mako uku ta roƙe ni in raka ta kwanan addu'a na Juma'a.

Wajen ƙarfe biyu na dare mutumin da ke jagorantar wurin ya tsaya cik, ya rufe ido, ya ce akwai malamin makaranta a nan, 'yarsa ta biyu tana kuka da ƙashi, an ƙara mata jini a watan Agusta. Gwiwoyina suka saki. Na rarrafa zuwa gaba ina kuka kamar yaro. Ban tsaya na tambayi kaina ba me maiɗakina ta rubuta a katin baƙi ranar da ta fara zuwa.

Hausarsa ta ciniki ce kawai, yawancin masu zuwa kuwa mata ne daga unguwanni da ƙauyukan kewaye waɗanda ba sa jin Turanci. Wata biyu bayan haka ya ce Ubangiji ya nuna masa ni ne bakinsa, kamar yadda Haruna ya zama bakin Musa. Na ji daɗin maganar ƙwarai. Daga ranar na tsaya a gefensa da makirfon, kuma daga wurin nan ne mutum yake ganin abin da na cikin taro ba sa gani.

Aikin yana farawa ne daga bakin ƙofa. Duk baƙo ana ba shi kati: suna, unguwa, lambar waya, sana'a, abin da ya kawo shi. Masu tarba mata ne masu fara'a, su zaunar da kai su ba ka ruwa, su yi ta jajanta maka har ka zazzage cikinka. Wanda ya gayyato ka shi ma an riga an tambaye shi, da sunan za a sa ka a addu'a. Talata ranar ganawa ce, katin shiga naira dubu biyu, kuma kafin ka ga mutumin sai ka fara zama da sakatariya. Duk abin da aka ji yana shiga wani babban littafi mai baƙin bango. Ba a taɓa amfani da shi a makon da aka ji shi. Ana bari ya kwana biyu, mako biyu ko uku, har mai maganar ya manta wa ya gaya wa. Idan matashi ne, ɗaya daga cikin yaran mutumin ya duba Facebook ɗinsa, ya ga hoton jana'iza ko na biki, ya kawo rahoto.

Ranar da babu sabon abu a littafin, sai a jefa taru. "Akwai mace a nan da ake ba ta abinci a mafarki." "Akwai wanda kuɗi ba ya zama a hannunsa." A ɗakin da mutum ɗari biyu suka taru saboda damuwa, yaya za a rasa wanda zai miƙe? Da ta miƙe, sauran sai ya karanta a fuskarta da zaninta da yatsan zobe.

Ga nawa laifin, kuma shi ne ya fi hana ni barci. In ya yi kuskure, ni nake gyarawa. Ya ce wa mace 'ya'yanta uku, na ga ta ɗan ja baya, sai in fassara da cewa "ina ganin uku a gabana", in bar ƙofa a buɗe. Ta ce huɗu ne, sai ya ce na huɗun an rufe tauraronsa shi ya sa bai gan shi ba, ɗaki ya ɗauki ihu. Kuskure ya koma sabon abin tsoro, sabon abin tsoro kuma yana da farashinsa. Ba wanda ya ce in yi haka. Na gaya wa kaina ina taimakon bangaskiyar raunana ne.

Man shafawa katon-katon ake sayowa a kasuwar Sabon Gari, ƙaramar kwalbar man zaitun da ba ta kai naira ɗari huɗu ba a lokacin, a sayar dubu uku bayan ta kwana a kan bagade. In ya kusa ƙarewa a tsakiyar taro, a ƙara da man gyaɗa a bayan labule. Na gani da idona, na kau da kai.

Mafi tsada shi ne tsarkake gida: dubu hamsin, da rago, da kuɗin mota. Kwana ɗaya kafin ranar, yara biyu za su je "zagayen addu'a". Ɗaya ya tara mutanen gida a ɗaki su rufe ido, ɗaya yana zagaya tsakar gida. Washegari mutumin zai zo ya yi ta kewaye, ya tsaya a gindin bishiya ko bayan rumbu, ya sa a kwarara bokitin ruwa a wurin da sunan ruwan tsarki. Ruwan nan shi ke ɓoye cewa ƙasar sabon tono ce. A haƙa taku ɗaya ko biyu, sai ga ƙullin jan ƙyalle da wuri da allurai da gashi, wani lokaci a cikin ƙaho. Ya ce shekara ashirin ke nan da binnewa. Duk wanda ya san ƙasar Zariya ya san gara ba ta barin ƙyalle ya yi damina ɗaya a ƙasa, allura kuwa tsatsa za ta cinye ta. Waɗannan allurai suna ƙyalli. A gidana ma an haƙo irinsa, na biya, na kuma yi shaida a gaban jama'a.

Shaida kuma a daren ake karɓarta, jiki na rawa, kafin kowa ya koma asibiti a auna shi. Wanda ciwonsa ya dawo ba a ba shi makirfon. Wanda ya mutu, a ce bai cika alkawarin da ya ɗauka ba, ko bangaskiyarsa ta yi rauni.

Ayoyi uku yake juyawa kamar waina. Gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, wadda Iliya ya ce ta fara toya masa: da ita na sayar da babur ɗina na kai dubu ɗari da hamsin a matsayin irin shuka. Sai 2 Tarihi 20:20, a gaskata annabawa a yi nasara. Sai Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffu, wadda ake jefa wa duk mai tambaya. Ni na fassara su sau ba adadi, ban taɓa karanta abin da ke sama da ƙasansu ba.

A ƙarshen 2017 ciwon yarinyar ya sake tashi, ga mai an shafa, ga gida an tsarkake, ga babur ya tafi. Dole a sami wanda za a ɗora wa. A daren wata Juma'a ya juyo ya dube ni ya faɗa da Turanci cewa mai shan jinin yarinyar tsohuwa ce, a cikin danginmu take, ita ta haife ni. Ya yi shiru yana jira in fassara. Makirfon na hannuna. Mutum fiye da ɗari biyu, a cikinsu akwai matan da suka san Inna a zumuntar mata. Da na yi shiru, da yawancinsu ba za su san me ya ce ba. Na buɗe baki na ce, "Mutumin Allah ya ce uwata mayya ce."

Kafin azahar ɗin Asabar maganar ta isa Wusasa. Matar da ta sayar da ƙosai ta biya mini kuɗin makaranta, wadda saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba, ita yara suka fara gudu in sun hango. Mutumin ya hana mu zuwa wurinta, ya hana mu cin abin da ta aiko. Ta aiko da kunun gyaɗa a fulas don jikarta, na zubar a kwata.

Sai ya yanke cewa yarinyar za ta yi azumin kwana uku ba ci ba sha, a kwana a majami'a, kuma a kawo magungunanta a ajiye a bagade domin shan su alamar shakka ce. Watan Janairu ne na 2018, hunturu ya sauka sosai. Maiɗakina ta riƙe rigata ta ce, "Malam, likita fa ya ce ruwa." Na ce mata likita ya yi nasa shekara tara bai warkar ba. Na kwashe ƙwayoyin na kai da hannuna. Ƙishirwa, sanyi, gajiya, ga sauro ba kariya: duk abin da na rubuta a bayan kalanda na haɗa wa 'yata a kan simintin shago.

A dare na biyu ta daina kuka, abin da ya fi kukan ban tsoro. Na haska fitilar waya: idanu sun yi rawaya, tafin hannu fari fat, leɓe ya bushe ya tsage, numfashi sama-sama, jiki zafi rau. Na je na same shi. Ya ce aljanin ne ke fita, in na ɗauke ta yanzu jininta a kaina. Ban san inda na sami ƙarfi ba, na saɓa ta a kafaɗa na fita. Wani maƙwabcinmu Musulmi mai Keke Napep na buga wa waya ƙarfe uku na dare, ya zo ya kai mu Shika ta Kwangila da Samaru, iska na dukanmu, ya cire rigar sanyinsa ya rufa mata. Ya ƙi karɓar ko sisi. An sa mata ruwa da iskar numfashi, aka sami zazzaɓin cizon sauro a jininta, aka ƙara mata jini leda biyu. Da likitar ta tambayi yaushe rabonta da ruwa na faɗa, ta ajiye biro ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Ranar ta uku da safe na ga Inna a ƙofar ɗakin, da fulas ɗin nan da littafinta a jaka. Ban san wa ya gaya mata ba. Ta wuce ni ta zauna a bakin gado, ta ɗago kan yarinyar tana ba ta kunu da cokali. Sai da yarinyar ta yi barci ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai wannan, shi ya faɗa, ko kai ka faɗa?" Na ce, "Shi ya faɗa da Turanci, Inna. Ni na faɗa da Hausa." Na durƙusa a simintin asibiti. Ta daɗe shiru, sannan ta buɗe Ezekiyel 13 ta miƙo mini ta ce in karanta a fili tunda na iya karatu a gaban jama'a.

Surar tana maganar annabawan da ke bin ruhun kansu alhali ba su ga komai ba, masu cewa salama inda babu salama. Mutane sun yi katanga marar ƙwari, su kuma suna shafe ta da farar ƙasa, Ubangiji ya ce zai aiko ruwa da ƙanƙara da iska ta faɗi, a tambaye su ina shafen. Duk ɗan Zariya ya ga irin katangar nan a watan Agusta. Da na kai aya ta 22, inda Allah yake tuhumar masu annabcin ƙarya da karya zuciyar adali da ƙarairayi alhali shi bai ɓata masa rai ba, muryata ta ƙi fita. Inna ta karɓi littafinta ta rufe. Ta ce ta yafe tun ranar, amma in je in gyara a inda na ɓata.

Wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon katikis, shi ya zauna da ni duk yammacin Laraba wajen wata huɗu. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in sayo littafin rubutu in jera duk annabcin da na fassara wanda aka sa wa lokaci: za ki haihu kafin Kirsimeti, za a kira ka aiki cikin kwana ashirin da ɗaya, mijinki zai dawo kafin Ista. Na tuna talatin da ɗaya. Na bi sawu, huɗu ne suka faru, biyu daga ciki mata ne da suka riga sun gaya wa sakatariya sun ga alamar ciki. Sai ya buɗe mini Maimaitawar Shari'a 18:22: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. "Ɗana," ya ce, "ka lura da ƙarshen ayar. Tsoro ne igiyar da suke ɗaure mutum da ita." Ya kuma nuna mini sura ta 13, cewa ko alamar ta cika, in mai ita yana janye ka daga bin Allah, ba a saurare shi. Mutumin da ya sa ka zagi uwarka ya riga ya sa ka taka doka ta biyar, ko da ya faɗi lambar takalminka daidai.

Irmiya 28 ta fi kama ni. Hananiya ya tsaya a Haikali a gaban firistoci ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila a dawo da kayan Haikali, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya. Irmiya da kansa ya ce amin, Allah ya sa. Wa zai ƙi labari mai daɗi? Amma saƙon gaskiya shekara saba'in ne, kuma Hananiya ya yi maganarsa a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai. Na gane abin da na je nema ke nan: wanda zai ce mini shekara biyu, domin na gaji da jin cewa ciwon 'yata na tsawon rai ne.

Muka bi ta kuɗi. Mika 3:5 ya kwatanta annabawan da ke shelar salama ga wanda ya sa musu abinci a baki, su ɗaura yaƙi da wanda bai ba su ba. Na tuna yadda annabcin masu manyan motoci kullum buɗi ne, na talakawa kullum maƙiyi ne. Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, Gehazi da ya bi ta a baya ya kwashi kuturta. Siman ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. 2 Bitrus 2:3 ta ce saboda kwaɗayi za su ci ribar mutane da maganganun ƙage. Gwauruwar Zarefat kuwa, garinta da manta ba su ƙare ba, ita da ɗanta suka ci har yunwa ta wuce. Ni babur ɗina bai dawo ba. Zabura 105 ma da na karanta daga sama, labarin su Ibrahim ne suna yawo baƙi a ƙasashen mutane, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba ta hana kowa auna maganar mai wa'azi ba. Mutanen Biriya sun auna ta Bulus da Nassi kowace rana, aka yabe su.

Kada a ɗauka na daina gaskata addu'a. Har gobe dattawa suna zuwa gidana su yi wa yarinyar addu'a su shafa mata mai kamar yadda Yaƙub 5:14 ta ce, ba kati, ba farashi, in sun gama ta sha ƙwayarta da kofin ruwa a gabansu. Ishaya da ya kawo wa Hezekiya albishir ɗin ƙarin shekara goma sha biyar, shi ne ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun.

Na koma shagon sau ɗaya, ranar Lahadi, na roƙi a ba ni makirfon. Aka hana. Na tsaya a bakin titi bayan an tashi, na faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa uwata ba mayya ba ce, ƙarya na fassara, na kuma faɗi zancen kati da ƙulli da man gyaɗa. Wasu suka tofa mini yawu, wasu mata biyu suka biyo ni da tambaya. A majami'armu ta Wusasa ma na miƙe a gaban ikilisiya na faɗa, Inna na zaune a layin zumuntar mata, kanta a sunkuye. Kafin shekara ta zagayo mutumin ya kwashe kujerunsa ya bar gari. Inna ta rasu a 2021, a ɗakina, jikarta ce ke ba ta ruwa.

Yarinyar tana sakandare yanzu. Ciwon yana tashi sau ɗaya ko biyu a shekara, galibi da hunturu, mun san abin yi. A bayan littafin rubutun nan na jera gidaje ashirin da uku da na tuna an haƙa ƙulli ko an kira sunan wani da maita ta bakina. Na je goma sha shida. Wasu sun yafe, wasu sun ce ni ne Shaiɗan ya shiga. Akwai wata baiwar Allah a wajen Dogarawa wadda ni na fassara wa mijinta cewa ya ajiye maganin hawan jini, bayan wata biyu ɓarin jikinsa ya shanye, bai tashi ba. Sau uku ina sallama a ƙofarta, tana aiko yaro ya ce ba ta nan. A zuwan ƙarshe yaron ya fito mini da tabarma da ruwa a kofi, ita ba ta fito ba. Ranar Asabar zan koma.